Fili Ɗaya, Wasa Biyu: Gwanintar 'Yan Ƙwallon Lambu a Kaduna

Jaridun Hausa sun raɗa wa golf suna ƙwallon lambu, kuma duk wanda ya bi ta titin Golf Course a Kaduna cikin watan Agusta ba zai yi musun sunan ba. Ciyawa kore shar, manyan itatuwa sun yi rumfa, ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. To amma a dawo wurin a watan Janairu. Ciyawar ta yi ja, ƙasa ta ƙeƙashe kamar daɓe, iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙura. Ramukan filin golf ɗin goma sha takwas suna nan inda aka bar su, sai dai wasan ya sauya kama gaba ɗaya. Gwanintar da ta fi burge ni a wannan fili, wanda ake lissafin tarihinsa tun daga 1921, ita ce ta mutumin da ya iya wasannin nan biyu, ya kuma san ranar da zai ajiye ɗaya ya ɗauki ɗayan.

Ga wanda bai saba ba, ka'idar wasan ba ta da yawa. Ƙwallo ce 'yar ƙarama, ba ta kai ƙwan kaza ba, za ka kora ta da sanda daga wurin farawa har ta faɗa wani rami mai faɗin milimita 108, kuma wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ya ci. Ba a yarda ka ɗauki sanda fiye da 14 a jaka ba. Babbar dokar kuwa ita ce, inda ƙwallo ta kwanta, a nan za ka buga ta. Daga wannan doka duk wahalar take tasowa, domin ƙasa da iska ba sa tsayawa yadda ka bar su jiya.

Asalin wasan ba a lambu yake ba. A gaɓar tekun gabashin Sikotland ya girma, a kan wata irin ƙasa mai yashi da ke tsakanin bakin ruwa da gonaki, wadda ba ta nomuwa, sai kiwon tumaki da zomaye. Turawa na kiran irin wannan fili links. Tun a 1457 wasan ya shiga jinin mutanen can har Sarki James na Biyu ya hana shi, saboda yana ɗauke hankalin samari daga koyon harbin baka. A garin St Andrews ne aka rage ramukan tsohon filin daga 22 zuwa 18 a 1764, duniya kuma ta bi sahu. Filin gaɓar teku kusan ba shi da itace. Ruwan sama na zurarewa cikin yashi nan da nan, saboda haka ƙasar kullum a tsuke take, ga tudu ga kwari kamar an yamutsa tabarma, ga ramukan yashi masu zurfi waɗanda wani sa'in sai dai mutum ya fito da ƙwallo ta gefe ko ta baya. Sannan ga iskar teku da babu abin da ke tare ta. An shimfiɗa tsohon filin St Andrews ne a tafi a dawo, don haka iskar da ta tura ka a tafiya ita za ta tare ka a dawowa, in ma ba ta juya da rana ba.

Daga baya wasan ya shiga cikin ƙasa, aka riƙa gina filaye a dausayi, cikin itatuwa da tafkuna, ana ban ruwa, ana aske ciyawa. Wannan shi ne lambun na gaskiya, kuma Augusta da ke jihar Jojiya a Amurka, inda ake gasar Masters duk watan Afrilu, shi ne wanda aka fi gani a talabijin. A irin wannan fili wasan na sama ne. Ka auna nisa, ka zaɓi sanda, ka ɗaga ƙwallo ta tsallake itace ko ruwa, ta sauka a inda ka nufa ta tsaya. A gaɓar teku kuwa rabin wasan a ƙasa ake yin sa: inda ƙwallo ta fara sauka somin-taɓi ne, abin lissafi shi ne inda za ta je bayan ta yi tsalle ta gangara.

A yankin Fife, inda St Andrews yake, mai wasa na iya buga filin gaɓa da safe ya shiga mota ya je na cikin itatuwa da yamma. Mu a Kaduna teku na nesa da mu da ɗaruruwan kilomita, amma Allah ya kawo mana filayen biyu har gida, sai dai ya raba mana su da watanni: damina ta ba mu lambu, rani ya ba mu ƙasa mai tauri da iska.

Na fara gane haka ne a hannun wani dattijo mai ɗaukar jaka, wanda ya shafe shekaru yana taka filin nan tun yana yaro. Wata safiya ce ta hunturu, hazo ya sauko har tutar da ke kan ramin ba ta fita sosai. Saura kamar taku ɗari da ashirin tsakanina da ita, iska na busowa a fuskata. Na miƙa hannu zan zaro sandar da ke ɗaga ƙwallo sama, wadda da ita nake wannan nisan tun damina. Ya dafa jakar.

"Yallaɓai, bar wannan. Ɗauki lamba bakwai."

"Baba, ai bakwai za ta wuce."

"Ba za ta wuce ba in ba ka zage ba. Riƙe ta ƙasa kaɗan, matsar da ƙwallon wajen ƙafarka ta baya. Kada ka dubi tuta. Ka ga inda ciyawar can ta yi fari? Nan za ka sauke ta, sauran aikin na ƙasa ne."

Wurin da ya nuna ya gaza ramin da taku kusan talatin. Na yi yadda ya ce. Ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa, ba ta wuce tsayin ɗaki ba, ta sauka a farar ciyawar, ta yi tsalle biyu, ta bi wata 'yar gangara da ban ma lura da ita ba, ta karkata dama ta tsaya kusa da ramin. Bai ce komai ba, ya saɓa jaka ya yi gaba.

Abin da dattijon nan ya koya mini yana da dalili, ko da yake shi da ido da tafin hannu ya san shi. Fuskar kowace sanda a karkace take, kuma idan ta daki ƙwallo tana sa ta juyawa da baya. Wannan juyin, tare da 'yan lotse-lotsen da ke jikin ƙwallon, shi ke ɗaga ta sama. Duk yadda ka ƙara ƙarfi, juyin ke ƙaruwa. To idan iska na gabanka ka zage ka buga, ƙwallon sai ta hau iskar ta yi ta tashi kamar shirwa, ƙarfinta ya ƙare a sama, ta faɗo ba ta kai ba. Shi ya sa gwani ke yin abin da zuciya ba ta so: ya ɗauki sandar da ta fi nisan ƙarfi, ya rage bugu, ya tsayar da hannu kafin ya kai kafaɗa. Ƙwallo ta tafi a ƙarƙashin iska. Faɗar sa da sauƙi, amma mutum yana jin iska na tura shi a ƙirji, jikinsa duka na ce masa ya ƙara ƙarfi, kuma a ce ya sassauta! Ni a wurina nan ne ainihin gwanintar take, domin sai ka mallaki kanka kafin ka mallaki sandar.

Iskar gefe kuma wani karatun ne. Akwai mai nufar gefe guda ya bar iska ta dawo masa da ƙwallo, akwai mai murɗa bugun ta yadda ƙwallon za ta jingina da iskar ta tafi sak. Za ka ga gwani ya tsinko ciyawa ya watsa sama, amma ba nan ya tsaya ba. Yana kallon kan itatuwa, domin iskar da ke sama ba lallai ta zama irin ta ƙasa ba. Hazo ma na ruɗar ido, yana sa na kusa ya zama kamar na nesa. Masu ɗaukar jaka ba sa biye wa ido a irin wannan rana. Sun haddace nisan kowane itace da kowane tudu zuwa rami.

Manyan duniya ma da wannan darasin suke ci. A gasar Open ta Birtaniya ta 2006 a Hoylake, zafi ya ƙona filin har ya yi launin filinmu na Janairu. Tiger Woods, wanda a lokacin ba kowa ke kai nisan bugunsa ba, sau ɗaya tak ya zaro babbar sandar dogon zango cikin ramuka 72. Ya yi ta aika ƙwallo ƙasa-ƙasa da sandunan ƙarfe, yana sauke ta kafin ramukan yashi, ya kuma lashe gasar. Bayan shekara uku, a Turnberry, Tom Watson yana da shekara 59 ya zo ramin ƙarshe yana kan gaba. Bugun da ya yi zuwa tuta ya fita tsaf, amma ƙasa mai tauri ta cilla ƙwallon ta wuce ta gangara baya, daga ƙarshe Stewart Cink ya kwashe kofin a wasan raba gardama. Watson kuwa mutum ne da ya ci wannan gasa sau biyar. Na daɗe ina jin zafin wannan tsalle guda ɗaya.

Akwai wani abu kuma da filayen ƙasar nan suka daɗe da shi wanda Sikotland ba ta san shi ba. Da yake rayar da lallausar ciyawar kewayen rami na cin ruwa da kuɗi, tsofaffin filayenmu da yawa da yashi suka yi wurin, a cakuɗa shi da baƙin mai don kada iska ta kwashe, a daddaɓe. 'Yan wasa na ce masa burawun. Kafin ka tura ƙwallo rami sai an share maka hanya ta yi sumul. Wanda ya taso a kan burawun ya san ƙwallo na mutuwa in ta sauka a cikinsa, tana kuma tashi sama in ta daki ƙeƙasasshiyar ƙasar gefensa, ratar taku ɗaya ke raba abin yabo da abin takaici. A kan irin wannan yashi ne, a filin Ikoyi na Legas, Bature Peter Tupling ya gama gasar Nigerian Open ta 1981 da bugu 255, adadin da ya shiga littafin tarihi. Sandy Lyle ya ci gasar a 1978, Vijay Singh a 1988, dukansu kafin duniya ta san su sosai. Ƙwararrun 'yan wasanmu na gida kuwa, da yawansu daga ɗaukar jaka suka fara, suna kallo, suna gwadawa da tsohuwar sanda idan masu gida sun tafi. Ina ganin ba a ba wannan makaranta girman da ya dace da ita ba.

Da ruwa ya sauka a watan Mayu, sai a naɗe wancan karatun a ɗauko wani. Ƙwallon da ke gudun taku arba'in bayan ta sauka yanzu nan take za ta lafe, wani lokacin har ta nutse rabi. Dole kowane bugu ya kai inda aka aike shi ta sama. Ciyawar gefe ta yi tsawo ta riƙe sanda, laka ta manne a jikin ƙwallo ta karkatar da ita. Itatuwa sun cika da ganye, kuma su ne alƙalai: wanda ya kauce hanya sai ya zaɓa, ko ya ɗaga ta saman reshe, ko ya soka ta ƙarƙashi, ko ya lanƙwasa ƙwallo ta zagaye kututture, ko kuma ya haƙura ya fito da ita fili ya yi asarar bugu ɗaya. Gwanaye sun fi kowa yawan zaɓar na ƙarshen.

Lokacin da ya fi kowane wuya shi ne tsakanin biyun, makonnin ruwan farko, sa'ad da kwari ya jiƙe tudu bai jiƙe ba, ƙarƙashin itace da laushi, fili da tauri. A irin wannan mako na sake fita da dattijon nan, muka zo ramin da ya hana ni sandata a Janairu, kusan a daidai wurin. Na kai hannu kan lamba bakwai. Bai yi magana ba tukuna. Ya taka gaba kaɗan, ya danna ƙasa da dunduniya, ya duƙa ya soka ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai, ya ga ya shige ba gardama. Ya dawo ya zaro sandar da ya hana ni wata huɗu da suka wuce, ya goge ta da tawul ya miƙo mini.

"Yau kam tuta za ka nufa, Yallaɓai. Daren jiya ƙasar ta sha."