Darasin Halittu a Makarantar Boko: Ina Gawo, Ina Hatsi?

Kai mai karatu, tun da yanzu ka iya karatu, ga wani aiki. In kana da ɗa ko ɗiya a makarantar CEG, ka ce ya kawo maka littafin da yake rubuta darasin SVT. Shi ne darasin sanin rayuwa da ƙasa. Da Faransanci aka rubuta shi, to sai yaron ya fassara maka. Sa'an nan ka tambaye shi: don me hatsi ya fi kyau ƙarƙashin gawo?

Na yi wa wani yaro wannan tambaya a nan ƙasar Korgom. Ya hardace shafi guda kan yadda ciyawa ke ciyar da dabba, dabba kuma ta ciyar da wata. Amma zancen gawo, shiru. Kakarsa ce ta amsa daga bakin murhu.

Laifina da wannan darasi ke nan. Abin da ke cikinsa gaskiya ne, kuma yana da amfani. Amma ana ba da shi kamar labarin wata ƙasa mai nisa. Malam ya rubuta a allo, yara su kwafe, su hardace, su zuba a jarrabawar BEPC, su manta.

Dubi gawo. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa hatsi rana. Da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa, su ci ƴaƴansa, su bar taki. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Icce, dabba, ƙasa, hatsi, mutum, kowa na riƙe da kowa. Wannan shi ne babin da littafi ke kira zaman halittu da muhallinsu. A 1983 wani mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura kututturan da muke sarewa kowace shekara ba su mutu ba. Manoma suka fara barin rassa suna gyara su. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, har masana suka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5. Daga ƙasashen waje ana zuwa kallon sassaɓen zamani, yaron da ubansa ke yin sa kuwa bai san darasi ba ne.

Babin da ya fi wa yara wuya shi ne yadda iri ke sauyawa sannu a hankali, daga zuriya zuwa zuriya. Ana kawo musu sunan Darwin, Baturen Ingila, da littafinsa na 1859. Shi Darwin ɗin da aikin manoma da masu kiwo ya buɗe littafinsa, har da masu kiwon tantabara. Ka san abin: kana ware zangarniya mai kyau don iri, ba ka ajiye ta banza.

Ga misali daga ƙasarmu. A 1976 masu bincike sun tattara irin hatsi a garuruwan Nijar, suka adana. A 2003 aka koma garuruwan nan aka sake karɓo iri. Sai aka shuka tsoho da sabo gefe da gefe. Sakamakon ya fito a 2011: hatsin 2003 ya fi saurin fitar da kai, kuma ya fi gajarta. Me ya faru? Shekarun fari sun rage damina. Hatsin da ya nuna da wuri shi ya kai rumbu, shi aka sake shukawa. Mai jinkiri ya bushe a gona bai bar zuriya ba. Yaron da aka faɗa wa wannan ba shi da bukatar hardace komi.

Ka lura kuma da dabarar masu binciken. A wuri ɗaya suka shuka, ruwa ɗaya, ƙasa ɗaya. Iri kaɗai ya bambanta. Da sun shuka tsohon a Mayahi, sabon a Tasawa, wa zai san ko ruwa ne ya raba su? Wannan ita ce ƙa'idar gwaji: ka canza abu ɗaya, ka bar saura yadda suke, ka auna, ka maimaita. Mu ma manya muna tuntuɓe a nan. Mutum ya zuba takin zamani kusa da gawo, hatsi ya yi kyau, sai ya ce taki ne. Wata ƙila taki ne, wata ƙila gawo.

Ba zan ɗora wa malamai komi da komi ba. Aji cike yake, kayan aiki babu, kuma hutun makaranta yana faɗowa cikin damina, lokacin da gona ke da abin koyarwa. Amma ana komawa aji a watan Oktoba, daidai da cirar wake. Yara su kawo bidon shida. A zuba wake iri ɗaya a kowane, a cika su. Uku a toshe su yadda iska ba ta shiga, uku a bar su buɗe. Bayan wata uku a ɗebo ƙwaya 100 daga kowane, a ƙirga masu huda. Su yaran su faɗi abin da suka gani, su nemi dalili. Dabarar nan ta hana ƙwari iska ita ce ta buhun PICS mai ninki uku da kake gani a kasuwa.

In an kira taron iyayen yara, ka je. Ka gai da mushe da mutunci, ka ce: "Malam, ga gonata a bayan gari, akwai gawo a cikinta, yaushe za ka kawo su?" Ka kuma yi alkawarin bidon guda da tiya biyu ta wake.