2GR-FE: Injin da Toyota Ta Gama Magana a Kansa

Duk wanda ya taɓa taka totur ɗin Camry mai silinda shida, wadda muke kira Muscle, ya san abin da nake nufi. Motar ba ta ihu, ba ta kakkarwa, sai dai ka ji bayanka ya manne da kujera. Wannan aikin 2GR-FE ne, kuma wallahi ni dai ban ga na biyunsa ba.

Ya fara fitowa a Avalon ƙirar 2005, daga nan ya shiga Camry da Sienna da Lexus ES350 da RX350, sannan Highlander. Lita 3.5 ne, bawul 24, jikinsa na alminiyam, ƙarfin doki 268 a Camry ta 2007. Abin da ya fi burge ni shi ne sarƙa ke juya taimin ɗinsa, babu zancen bel ya tsinke maka a hanya. Kai, har kamfanin Lotus na Ingila shi ya ɗauko ya ɗora wa motarsa ta gudu, Evora! Injin da ke jigilar fasinjoji da buhunansu a Sienna tsakanin Kano da Abuja, shi ne dai a can.

Yana da laifuffukansa, kuma masoyi na gaskiya ba ya ɓoye su. Na farkon fitowa suna da wani tiyon roba da ke kai baƙin mai ga na'urar VVT-i. In ya tsufa yakan fashe, mai ya tsiyaye cikin ɗan lokaci, inji ya buga. Daga baya Toyota ta maye shi da na ƙarfe zalla, saboda haka in za ka sayi 'yar Kwatano, ka sa bakanike ya haska fitila ya duba wannan tiyon kafin ka biya. Famfon ruwansa ma yakan fara yoyo. Za ka ga busasshen ruwan lagireto jaja-jaja a gefensa. Kwail kan mutu jefi-jefi, kuma fulogi ukun da ke baya sai an ɗaga manifol kafin hannu ya kai gare su.

Shan fetur kuwa, e, ya fi mai silinda huɗu sha. Amma ka ba shi baƙin mai mai kyau a kan lokaci, ka daina zuba masa ruwan rijiya a lagireto, ka hau titin Zariya da sassafe ka ji yadda yake wuce tirela a giya ɗaya.