Libarba a ƙugu, babu malami

Shekaranjiya da daddare, a teburin mai shayi a Tsafe, ɗan ƙanwata ya cusa mini waya a fuska. "Kawu, dubi wannan!" Bidiyon Jerry Miculek ne, Ba'amurken nan da ya zuba harsashi takwas da libarba a kan allo ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya a 1999. Sau uku na kalla, kuma gaskiya hannun mutumin abin sha'awa ne. Sai yaron ya ɓata mini rai da tambaya guda: "To Kawu, in ta ajiyewa a gida ce, libarba ta fi ko fistol?"

Wace iri zan saya? Tambayar da ta ishe ni ke nan. Daga 'Yandoto har Gusau, a majalisa, a cikin mota, a bakin kasuwa, zancen ɗaya ne: mai cin shida ko mai cin biyar, ƙirar waje ko ta maƙera, nawa ake bari. Sai ka ce masu zaɓen waya a shago. Har yau kunnena bai ji wanda ya ce "wa zai koya mini?" ba.

Ban ga laifin kowa ba don ya ji tsoro. Duk wanda ke kwana tsakanin Tsafe da Bungudu ya san abin da ke hana ido barci. Tun da Gwamna Bello Matawalle ya ce a watan Yunin 2022 kowa ya nemi bindiga ya kare kansa, har aka yi maganar raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, zancen ya fito daga raɗa ya hau tebur. 'Yan sanda suka ce ba su ɗage dakatar da ba da lasisi ba, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Samarinmu rabin farko suka ji. Ba su san cewa dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin waɗanda aka haramta ba, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ke nan abin da yaron nan yake "zaɓa" ta bayan gida zai shigo hannunsa, watakila bututun da ba wanda ya taɓa gwada ƙarfinsa.

Baffana maharbi ne, da harba-ka-ruga ya tsufa. Ina iya ganinsa yanzu a zaure, ya kafa gindinta a ƙasa, ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba ta baki, ya bi da tsumma, ya danna da sanda a hankali kamar mai jin tsoron tada jariri. Harbi ɗaya gare ta, shi ya sa ba ya ɗaga ta sai ya tabbata. In ya dawo, can sama yake rataye ta inda hannun yaro ba ya kai, gorar albarushi kuma a wani ɗaki daban. Yaron da ke son koyo sai ya yi rani biyu ko uku yana ɗaukar jaka a bayan mafarauta kafin a bar shi ya taɓa kunama, kuma akwai Sarkin Baka da za a kai ƙararsa in ya yi wauta. Ranar da wani ɗan'uwanmu ya juya bakin bindigar wajenmu da wasa, yana cewa "ai babu komai ciki, Baffa," marin da ya sha har maƙwabta sun ji. Bayan nan Baffa ya zaunar da mu ya tuna mana hadisin da ya hana nuna ɗan'uwa da makami, don Shaiɗan na iya fizgar hannun mutum.

Wannan tarbiyyar ce ta ɓace, ita nake kuka a kai. Ƙarfe ya yawaita, malamai sun ƙaranta.

Na yarda, libarba ƙira ce mai hankali. Tun zamanin Samuel Colt a 1836 dabarar ba ta sake sosai ba: ganga ce ke juyawa, in harsashi ɗaya ya ƙi tashi ka sake jan kunama ta kawo na gaba. Shi ya sa Amurkawa da yawa ke ajiye ta a gida. To amma Miculek shekaru ya kwashe a filin gasa, inda akwai alƙali, akwai layin da ba a ƙetarewa, kuma allo ba ya ramawa. Kunamar libarba tauri gare ta, bakinta gajere ne, wanda bai saba ba yakan kuskure abin da ke taku goma gabansa da rana tsaka. Ina ga ƙarfe biyun dare, hannu na rawa, yara na kuka a ɗaki, masu zuwa kuma a kan babura da AK-47 mai cin 30?

Inda na fi ganin libarba tana aiki shi ne gidan biki. An ɗaura aure, sai wani ya zaro ta daga ƙugu ya ɗaga sama don 'yan mata su yi guɗa. A wani biki da na halarta bara, ta maƙera ce ta fashe a hannun mai ita, ya rasa yatsu biyu, uwar ango ta yini tana kuka. Ko 'yan bindigar sarki da ke girgiza gari a hawan Salla albarushi zalla suke ɗurawa, kuma da shugabansu a gaba. Askarawan Zamfara da Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar a Janairun 2024, su 2,645, ka faɗi abin da za ka faɗa a kansu, amma dai sai da aka ba su horo kafin a turo su.

Na ce wa yaron ya mayar da wayarsa aljihu. Akwai wani tsohon maharbi abokin Baffa da ya rage a gindin dutsen Kwatarkwashi, zan kai shi ya zauna gabansa, ya fara da ɗaukar jaka kamar kowa. Ya ce, "Kawu, zan duba." Ranar Asabar da sassafe ina ƙofar gidansu da babur.