Kalmomin Aro a Matsayin Hujjar Tarihi: Waiwaye kan Ra'ayin Greenberg

A shekarar 1960 Joseph Greenberg ya fitar da maƙala wadda a ciki ya yi amfani da hujjojin harshe don nuna tasirin Barebari a kan Hausawa. Ya lura cewa "karatu" da "rubutu" suna ɗauke da ɗafa-ƙeyar da Barbarci ke gina sunan aiki da ita, haka kuma "kasuwa" ta samo asali ne daga "suƙ" ta Larabci bayan Barebari sun liƙa mata ɗafa-goshi. Daga nan ya yanke cewa ilmin rubutu, watakila har da Musulunci, daga gabas suka shigo ƙasar Hausa. Wannan ya ci karo da littafin Tarihin Kano, wanda ya danganta zuwan Musulunci ga Wangarawan Mali a zamanin Sarki Yaji (1349-1385).

Ta fuskar ginin kalma, hujjar Greenberg tana da ƙarfi. Rauninta yana ga nauyin da aka ɗora mata. Kalmar aro takan nuna hanyar da ta biyo, amma ba ta faɗin shekarar da ta iso, ko bakin da ya kawo ta: na malami ne, ko na falke, ko na manzon sarki. Saboda haka zuwan Wangarawa fadar Kano bai kore shigowar almajiran gabas ba, domin kowace hujja da ɓangaren al'ummar da take magana a kai.

Matsalar ta fi fitowa fili a sunayen sarautu. Galadima da Ciroma da Yarima duk daga Barno suke, kuma Tarihin Kano ya ambaci kai gaisuwa Barno tun zamanin Abdullahi Burja (1438-1452). Sai dai Galadiman Barno, wanda ya zauna a Nguru, mai riƙon yammacin daula ne, alhali a Zazzau kafin jihadi Galadima bābā ne na cikin fada. Suna ya ƙetaro, aiki ya sauya. Wanda ya ɗauki aron suna a matsayin aron tsarin mulki ya tauye wa Hausawa hikimarsu ta sarrafa abin da suka karɓa.

Ke nan ya wajaba manazarcin harshe ya gwada sakamakonsa da rubutattun tarihi da tarihin baka da binciken kufai kafin ya yanke hukunci kan siyasar da ta shuɗe.