Siffar Kalma da Ma'anarta: Sharhi a Kan Ra'in Tuni Iri Biyu

Manufar wannan maƙala ita ce auna wani ra'i na masana halayyar ɗan Adam da ma'aunin rubutun Hausa. A 1975 Craik da Tulving, a ƙasar Kanada, sun nuna cewa kalmar da aka tambayi mutum ma'anarta ta fi zama a ransa bisa wadda aka tambaye shi siffar haruffanta. A 1981 Jacoby da Dallas suka gano cewa wannan fifiko ya tsaya ne ga tunawar da mutum ke yi da saninsa, wadda za mu kira tunin fili. Amma saurin da ido ke yi wajen gane kalmar da ya taɓa gani, wato tunin ɓoye, ya fi dogara ga siffa.

Mun yarda da wannan rabo, sai dai da kalmomin Ingilishi aka gina shi. Rubutun boko, tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 har zuwa taron Yamai na 1980, bai wajabta nuna karin sauti ko tsawon wasali ba. Ɗalibin da ya ga "gari" shi kaɗai a allo ba ya iya furta shi sai ya zaɓi ko na zama ne ko na tuwo. Haka "fari", ko launi ko rashin ruwa. Ashe a Hausa ma'ana tana shiga tun kafin a buɗe baki, kuma gwajin da ya raba siffa da ma'ana ba zai ɗauku yadda yake ba.

Inda ra'in ya yi mana amfani shi ne batun haruffa masu lanƙwasa. Yaron Ikara, Maƙarfi ko Kudan ya san bambancin "ƙasa" da "kasa" a bakinsa. Amma idan kullum a allunan shaguna da saƙonnin waya yana ganin "kasa" a gurbin "ƙasa", idonsa zai riƙe kuskuren ba da saninsa ba, hannunsa kuma ya maimaita shi ranar jarrabawa. Bayanin ma'ana kaɗai ba ya kankare wannan tabo.

Saboda haka muna ba malaman firamare na waɗannan ƙananan hukumomi shawara biyu. Kada a yi shifta da kalmomi tsirara, a sa kowace cikin jimla. Sannan a yawaita nuna wa yara ɓ, ɗ da ƙ a rubuce daidai, domin abin da ido ya saba gani shi hannu ke rubutawa.