Daga Amshi Zuwa Jagoranci: Yadda Ƙungiyar Kiɗan Hausa Ke Rabuwa

Birnin Gwari na zaune ne tsakanin gidajen kiɗa biyu. Hanya guda ta nufi Funtuwa, garin da Mamman Shata ya zauna; dajin Kamuku kuma ya haɗe da na Kuyambana a ƙasar Zamfara, mahaifar manyan makaɗan fada. Mai sauraro a wannan yanki ya saba da kalangu, ya saba da kotso, kuma kowane daga cikinsu yana da irin tasa ƙaddarar idan ƙungiya ta zo watsewa.

A Turai rabuwar ƙungiya babban labari ne. Da Beatles ta Ingila ta watse a 1970, George Harrison ya fitar da faifansa a shekarar, Paul McCartney ya kafa Wings a 1971, amma sunan Beatles ya tsaya cak domin na mutum huɗu ne. Haka P-Square, tagwayen da suka tashi a Jos, da suka raba gari a 2017 sai kowa ya nemi sabon suna.

Ƙungiyar Bahaushe kuwa sunan jagora take ɗauka. Ƙarƙashinsa akwai makaɗa da 'yan amshi da sanƙira mai kirari, sannan Daudun kiɗi, wato mataimaki. Duk abin da aka samu, kuɗi ne ko riguna ko doki, hannun jagora yake fara shiga, shi ke rabawa. Saboda haka ɗan amshin da muryarsa ta nuna, ya iya ƙulla ɗan waƙa, ya kuma sami ubangidan da zai riƙe shi, ba ya daɗewa a bayan wani.

Gidan Usman Ɗankwanda na Maradun ya isa misali. Ɗansa Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a 1909, ya fara amshi ne a bayan mahaifinsa, daga nan ya bi yayansa Abdu Kurna da jagoranci ya koma hannunsa. Da Musa ya ware ya kafa tasa ƙungiya, kiɗan gidan bai ragu ba, ƙaruwa ya yi. Ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙa, ya yi wa Sardauna Ahmadu Bello, ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero, har sunansa ya zarce na yayansa. Bayan rasuwarsa a 1991 'ya'yansa suka ci gaba da kotso. Irin wannan gado ne ya ba Hausawa Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, wanda ya taso a hannun mahaifinsa.

Sirrin yana cikin ginin waƙar kanta. A kiɗan kotso da taushi, jagora kan ɗauko layi ya sake shi, 'yan amshi su karɓe, su yi ƙari, su kai shi har gindin waƙa. Wanda ya shekara goma yana wannan aiki ya riga ya koyi saƙa waƙa, ya haddace tarihin sarakuna da zuri'arsu. Rabuwarsa da maigida yaye ne.

Tsarin Shata dabam yake. Shi ke zuba ɗiyan waƙa nan take, yaransa na riƙe da kalangu da gindin waƙa kawai. Wannan ya ba shi 'yancin da ya sa ya gagara, amma da ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, ba a sami wanda ya cike gurbinsa ba. Ɗanmaraya Jos ma, shi da kuntiginsa kaɗai, bai bar ƙungiyar da za ta watse ba da ya rasu a 2015.

Abin damuwa yau ba yawan rabuwa ba ne, rashin ƙungiyar da za a koyi aiki a cikinta ne. Mawaƙin situdiyo fiyano da kwamfuta sun ishe shi, amshi kuma na haya ne. Ga rashin tsaro da ya daɗe yana takura bukukuwa da wasannin dare a karkarar Birnin Gwari da Zamfara, inda yaro kan fara gwada muryarsa.

Tsofaffin 'yan amshin da suka bi Ɗanƙwairo da Shata suna ƙarewa. Ya kamata sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato, tare da gidajen rediyon Kaduna da Gusau, su nemo waɗanda suka rage, su naɗi bayaninsu kan yadda ake karɓi da ƙari tun suna raye.