Kare ya yi gurnani, sai sanda?

Daga Garo har Gwarzo shawarar ɗaya ce: kare ya yi gurnani, a zane shi ya san maigida. Shirin Dog Whisperer na Cesar Millan ma nuna wa kare iko ya tallata. Amma a binciken Jami'ar Pennsylvania ta Amurka na 2009, kashi 43 cikin ɗari na karnukan da aka daka ko aka shura faɗa suka mayar. Gurnani gargaɗi ne fa. Ka kashe shi da bulala, gobe ɗanka ya sha cizo ba sanarwa. Ja baya, ka duba: tsoro ne, ciwo, ko abincinsa yake tsaro? In halinsa ya sauya farat ɗaya, nisanta yara, kira likitan dabbobi. Haukan kare kisa yake.